Jan Nauyi da Jan Lantarki: Me Ya Haɗa Su, Me Ya Raba Su?

Tambaya: "Malam, ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe na sakandare a Bukuru, ina shirin WAEC da JAMB. Na lura lissafin Newton na jan nauyi da lissafin Coulomb na caji kusan iri ɗaya ne, haruffa kawai aka canza. Shin ƙarfi ɗaya ne aka ba suna biyu? Kuma malaminmu ya ce na lantarki ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba. To me ya sa jan ƙasa nake ji kullum, ba na jin na lantarki? Sannan mene ne wannan 'fili' da ake ta faɗa?"

'Yata, Allah ya ba da sa'a a jarrabawa. Ba ƙarfi ɗaya ba ne. Kama da wane ba ta wane. Amma idonki ya gani daidai, kamannin nan ba tsautsayi ba ne, kuma ɗalibin da ya gane dalilinsa ya huta da haddar rabin babi biyu.

Isaac Newton ya fitar da dokarsa a Ingila a shekarar 1687: duk abubuwa biyu masu jiki suna jan juna da ƙarfi F = Gm₁m₂/r². Harafin m shi ne mas, wato yawan abin da ke cikin jiki, wanda ake aunawa da kilogiram, r kuma nisan da ke tsakaninsu. Kusan shekara ɗari bayan haka, a 1785, wani injiniyan sojan Faransa, Charles Coulomb, ya auna ƙarfin da ke tsakanin ƙananan ƙwallaye masu caji, ya samu F = kq₁q₂/r², inda q yake nufin caji. G da k kuwa lambobi ne tsayayyu. Abin da ya yi aiki da shi sanda ce mara nauyi da aka rataye da siririn zare, yana duba yadda zaren ke murɗewa. Da irin wannan ma'auni Henry Cavendish ya auna jan da ke tsakanin dunƙulallen darma a 1798, kuma daga sakamakonsa ake fitar da ƙimar G.

Wannan r² da ke ƙasa a duka biyun shi ne asalin kamannin. Duk tasirin da ya taso daga wuri ɗaya ya bazu ko'ina daidai wa daida, to a nisan r ya shimfiɗu ne a kan fatar wata ƙwallo mai faɗin 4πr². Kin ninka nisa sau biyu, fatar ta ninka sau huɗu, rabon kowane wuri ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Hasken fitila ma haka yake raguwa. Saboda haka r² ba mallakin nauyi ba ne, ba kuma na caji ba, siffar sararin da muke ciki ce mai tsawo da faɗi da zurfi. Newton ya gwada wannan a kan wata. Nisan wata daga tsakiyar duniya ya kai nisanmu daga tsakiyarta sau 60, don haka jan duniya a can ya kamata ya ragu sau 3,600, daga 9.8 ya koma kimanin 0.0027. Da aka lissafa yadda wata ke lanƙwasa a zagayensa, abin da aka samu ke nan.

Sai maganar fili. Idan aka ce akwai filin jan nauyi a ɗakinki, ana nufin kowane wuri a ɗakin yana da lamba da alkibla: in kin ajiye kilogiram ɗaya a nan, zai ji jan niyuton 9.8 zuwa ƙasa. Ko kin ajiye ko ba ki ajiye ba, lambar tana nan. Shi ne g = F/m. Na lantarki kuma E = F/q, wato ƙarfin da kulom ɗaya na cajin fozitif zai ji a wurin. Michael Faraday ne ya dage a kan wannan tunani, yana zana layuka don nuna alkibla, inda layukan suka cunkushe nan fili ya fi ƙarfi. James Clerk Maxwell ya zuba shi cikin lissafi a shekarun 1860.

Ɗalibai da yawa suna ɗaukar fili a matsayin dabarar zane kawai. Ni ban yarda da koyar da shi haka ba, domin fili abu ne da ke ɗauke da makamashi, kuma sauyi a cikinsa yana ɗaukar lokaci kafin ya isa wani wuri. Hasken rana yana yin minti 8 da daƙiƙa 20 kafin ya iso mu, kuma da rana za ta gusa daga wurinta yanzu, jan da take yi wa duniya ba zai sauya ba sai bayan wannan lokacin. Kiran da ke shigowa wayarki girgiza ce ta filin lantarki da na maganaɗisu da ta taso daga eriya. Shi ma filin nauyi yana girgiza: a ranar 14 ga Satumba 2015 na'urorin LIGO a Amurka suka kama irin wannan girgiza a karon farko.

Filin duniya ba daidai yake a ko'ina ba. A kan layin ikwaita, g yana wajen 9.78, a ƙuryar arewa da ta kudu kuma 9.83. Tsayi ma yana rage shi. Jos tana sama da mita 1,200 daga teku, ta ɗara Abuja da ɗaruruwan mitoci. In muka duba tsayi kaɗai, kowace mita dubu tana rage g da kimanin 0.003. Buhun dankalin Turawa mai kilo 50 da aka ɗauko daga Bokkos, in an rataye shi a sikeli mai sifirin a Abuja, zai nuna ƙarin giram goma da 'yan kai a kan abin da ya nuna a Jos. Dankalin bai ƙaru ba, mas ɗinsa yana nan yadda yake, jan ne ya ɗan ƙaru. Ba ribar da za ta biya kuɗin mota ba ce, amma masu binciken ma'adinai da irin waɗannan ƙananan bambance-bambance suke gano dutse mai nauyi a ƙarƙashin ƙasa.

Akwai kuma abin da ke rikita 'yan aji, wato bambancin bolt da ƙarfin fili. Ki tuna hanyar Jos zuwa Akwanga. Tsayin da kike a kai shi ne kamar bolt, tsananin gangara kuma shi ne ƙarfin fili. A saman tsaunin Filato kina can sama ƙwarai, amma in wurin shimfiɗaɗɗe ne mota ba za ta gangara da kanta ba. A Hawan Kibo kuwa tsayi yana sauyawa da yawa cikin 'yar tazara, shi ya sa direbobin tirela ke fama da birki. Haka E = V/d yake: bambancin bolt a raba da tazara. Tsuntsun da ya sauka a kan wayar lantarki mai bolt 33,000 ƙafafunsa biyu a tsayi ɗaya suke, babu gangara a tsakaninsu, shi ya sa ba abin da ke samunsa. Ran da fiffikensa ya taɓa waya ta biyu ko ƙarfen turke, ya gama yawo.

A Kura, nan Filato, filayen biyu suna miƙa wa juna aiki tun zamanin Turawan kuza. Kamfanin NESCO, wanda ya fara a 1929, ya kafa tashar lantarki ta ruwa a can don ma'aikatun haƙar ma'adinai. Ruwa yana gangarowa cikin filin nauyi, kowane kilogiram yana sakin makamashi mgh, injin yana juyawa, janareta tana tura caji zuwa bolt mai yawa, kowane caji yana karɓar qV. Ki jera mgh da qV ki duba: mas ya zama caji, gh ya zama V.

Iyakar kamannin ke nan. Yanzu ga inda suka raba hanya, kuma a nan amsar tambayarki ta biyu take.

Malaminku ya yi gaskiya. G lamba ce 'yar mitsitsiya, 6.67 × 10⁻¹¹, ita kuwa k tana wajen 9 × 10⁹. A cikin atam ɗin haidurojin, jan lantarki tsakanin furoton da ilektron ya fi jan nauyin da ke tsakaninsu sau kimanin 2 × 10³⁹, wato 2 da sifili 39 a bayansa. Lamba irin wannan ba ta shiga kai, don haka mu ɗauki ledar fiya wata mai rabin lita. A cikin ruwan nan akwai ilektron kimanin 1.7 × 10²⁶, jimillar cajinsu ya kai kulom miliyan 27 na negetif, kuma akwai furoton masu fozitif daidai wannan adadi. Ki ajiye leda biyu, mita ɗaya a tsakani. Jan nauyin da ke tsakaninsu bai kai kashi ɗaya cikin biliyan hamsin na niyuton ba, ko ƙura ba zai motsa ba. To a ce an zare ilektron ɗaya tak daga kowane biliyan ɗaya a cikin kowace leda. Kowacce ta zama da rarar fozitif kulom 0.027, kuma za su ture juna da ƙarfin da ya haura niyuton miliyan shida, daidai da nauyin tan 600 da ɗoriya. Daga ledar ruwa biyu.

To me ya sa ba ma tarwatsewa? Saboda caji iri biyu ne, mas kuwa iri ɗaya. Fozitif da negetif suna jan juna, masu iri ɗaya suna ture juna. Tsananin ƙarfin nasu shi ne ke hana su zama a rabe: da zarar wani wuri ya samu rara, sai ya jawo kishiyar cajin daga kusa ya cike giɓin. Shi ya sa jikinki, kujerarki, dutsen Shere da duniya kanta duk suke kusan babu rarar caji, filin fozitif ɗinsu da na negetif suna kashe juna daga waje. Jan nauyi ba shi da abokin kashewa. Babu mas na negetif, ja kawai yake yi, ba ya turewa. Kowace ƙwayar yashi tana ƙara nata kaɗan a kan na 'yar'uwarta, har a tara kilogiram 6 × 10²⁴ na duniya. Rauninsa bai hana shi mulkin taurari da duniyoyi ba, domin shi tarawa yake yi, na lantarki kuwa yana cinye kansa.

Kuma ba gaskiya ba ne cewa ba kya jin na lantarki. Abin da ya hana ki nutsewa cikin benci, abin da ya riƙe ƙashinki, abin da ya sa igiyar guga ba ta tsinkewa, duk daga cajin da ke cikin atam suke. Duniya tana jan ki ƙasa da dukkan girmanta, 'yan santimita na katako sun tare ki. Ki goga biro a gashinki ki kusantar da shi ga yagaggiyar takarda. Takardar za ta yi tsalle ta manne. A wannan lokacin biro na naira ɗari ya rinjayi duniya sukutum.

Mu mutanen Jos muna ganin wannan da ido a lokacin hunturu. Ki ja bargo mai laushin roba cikin duhu a watan Janairu, za ki ji ƙas-ƙas, ki ga 'yan tartsatsi shuɗaye suna bin yatsunki. Ko ki sauko daga mota ki kai hannu ga ƙofa, ki ji ta ɗan cije ki. Gogayya ce ta kwashe ilektron daga wani abu zuwa wani. Da damina danshin da ke kan kaya yana zurarar da cajin a hankali, da hunturu kuwa iska a bushe take, sai ya taru. Busasshiyar iska tana jure fili har wajen bolt miliyan uku a kowace mita, in ya wuce haka sai ta fashe ta ba caji hanya. Ke nan tartsatsin da ya tsallaka milimita ɗaya yana nufin akwai bolt wajen 3,000 tsakanin yatsanki da ƙarfen. Bai kashe ki ba ne saboda cajin kaɗan ne ƙwarai, ya ƙare nan take.

Tsawa ita ce babbar yayar wannan tartsatsi. Ko ranar da gari ya yi garau, akwai fili na kimanin bolt 100 a kowace mita a sararin da ke kusa da ƙasa, ba ma jin sa ne don iska ba ta wuce da caji sosai. In hadari ya haɗu, ƙanƙara da ɗigon ruwa suna gogayya a cikin gajimare, galibi ƙasan gajimaren ya tara negetif, ƙasar da ke ƙarƙashinsa ta tara fozitif. Layukan fili suna cunkushewa a kan abu mai tsini ko wanda ya fi kewayensa tsayi: bishiya ɗaya tilo a fili, turken waya, mutumin da ya tsaya a kan dutse. Dalilin sandar kariya da ake kafawa a saman dogayen gine-gine ke nan, wadda Benjamin Franklin ya ƙirƙiro a shekarun 1750, a haɗa ta da waya mai kauri har cikin ƙasa. Idan tsawa ta sauka, caji yana bazuwa cikin ƙasa, bolt yana raguwa daga wurin da ta faɗa zuwa waje. Saniya ƙafafunta na gaba da na baya suna da tazara, saboda haka bambancin bolt a tsakaninsu yana da yawa, kuma wutar tana ratsa ƙirjinta. Shi ya sa tsawa ɗaya kan kwantar da shanu da yawa a garke ba tare da ta taɓa ko ɗaya kai tsaye ba. Wanda hadari ya rutsa da shi a daji ya nisanci bishiya tilo, ya sauka daga tudu, in ba mafaka ya haɗe ƙafafunsa wuri ɗaya, kada ya kwanta.

Mafakar da ta fi ita ce gini ko mota mai rufin ƙarfe, gilasai a rufe. Ba tayoyin roba ke kare mutum ba, kamar yadda ake yawan faɗa a tasha. Wutar da ta keto kilomitoci na iska ba tafin taya zai tsayar da ita ba. Ƙarfe yana da ilektron masu yawo, suna jeruwa a bayan jikin motar ta yadda filin da ke ciki zai mutu. Faraday ya nuna haka a 1836 da wani ɗaki da ya lulluɓe da ƙarfe. Ga jan nauyi babu irin wannan garkuwa, tunda babu kishiyar da za ta jeru ta kashe shi. Ki shiga kowane irin akwati, nauyinki yana tare da ke.

Bambanci na ƙarshe shi ne wanda na fi so ɗalibai su riƙe, don shi ne mai zurfi. Ki haɗa F = ma da F = mg. Mas yana hagu, yana dama, ya fita, ya bar a = g. Ma'ana filin nauyi bai damu da ko mene ne ke faɗuwa ba. A 1971, ɗan sama jannatin Apollo 15, David Scott, ya saki guduma da gashin tsuntsu a kan wata inda babu iska, suka taɓa ƙasa tare. A filin lantarki kuwa a = qE/m, mas bai fita ba. Kowane abu da yadda zai amsa: mai fozitif ya bi fili, mai negetif ya saɓa masa, mara caji ya yi zamansa.

Masu wankin kuza a Bukuru da Rayfield sun san amfanin wannan ko ba su taɓa ganin lissafin ba. In ana wanke ƙasa a kwata, kuza mai nauyin da ya kai na ruwa sau bakwai tana kwantawa, yashi mai sau 2.65 yana bin ruwa. A nan ba jan ƙasa kaɗai ke tacewa ba, ruwan ne ke riƙe mara nauyi fiye da mai nauyi. Da babu ruwa babu iska, kuza da yashi tare za su faɗi. Bayan wanki kuma akwai sauran baƙin ma'adinai masu nauyi da ke manne wa kuza, waɗanda ruwa ba ya raba su da kyau. Sai a kai wurin injin. Maganaɗisu yana janye kwalambait. Sannan akwai injin da ke zuba busasshen gari a kan gangar ƙarfe mai juyawa, wata waya mai bolt dubbai tana fesa masa caji. Kuza tana wuce da lantarki, sai ta miƙa wa gangar cajinta nan take ta faɗa gaba. Zakon, ɗaya daga cikin waɗancan ma'adinai, ba ya wucewa da shi, sai ya riƙe cajin ya manne wa gangar har buroshi ya kankare shi ta baya. Filin lantarki yana tantance abu da abu, na nauyi ba ya yi.

Wannan ficewar mas ita ce kuma ta bayyana abin da wasu littattafai ke kuskurewa, wato cewa wai babu jan nauyi a sararin samaniya. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa tana kimanin kilomita 400 a sama. Ki lissafa: nisanmu daga tsakiyar duniya kilomita 6,400 ne, na tashar 6,800. 6,400 a raba da 6,800, a ninka da kansa, ya ba da wajen 0.89. Jan duniya a can kusan kashi 90 cikin ɗari ne na wanda ke nan. 'Yan sama jannati suna shawagi ne domin su da tashar duk faɗuwa suke yi tare, da sauri ɗaya, suna kuma gudun gefe na kusan kilomita 28,000 a awa, sai duniya ta riƙa lanƙwashewa a ƙarƙashinsu. Tauraron NigComSat-1R da aka harba daga Chaina a Disambar 2011 yana can wajen kilomita 35,786, inda g ya ragu zuwa 0.22, kuma zagaye ɗaya yana ɗaukar masa kwana guda, daidai da juyawar duniya. Shi ya sa ake ganin kamar a tsaye yake, kuma farantin da aka saita masa ba ya bukatar juyawa. Albert Einstein ya ɗauki wannan magana ta faɗuwa tare da muhimmanci ƙwarai, har a 1915 ya kai ga cewa jan nauyi lanƙwasa ce ta sarari da lokaci su kansu. Agogunan taurarin GPS suna gaba da namu da kimanin kashi 38 cikin miliyan na daƙiƙa a kowace rana, kuma da ba a gyara wannan ba, taswirar wayarki za ta riƙa kauce wa hanya da kilomitoci kullum. Wannan ya wuce manhajarku, a jarrabawa Newton ya ishe ki.

Abin da zai iya fito miki shi ne tambayar da ta haɗa filayen biyu, irin gwajin da Robert Millikan ya fara a Chicago a 1909. Ya fesa ɗigon mai ƙanana tsakanin faranti biyu na ƙarfe, ya daidaita bolt har ɗigo ya tsaya cak a iska, nauyi yana ja ƙasa, lantarki yana ja sama: qE = mg. A ce ɗigon yana da mas 3.2 × 10⁻¹⁵ kilogiram, tazarar faranti santimita ɗaya, bambancin bolt 1,000, g kuma 10. Fara da mayar da santimita zuwa mita, 0.01, domin a nan yawancin maki ke zubewa. E ya zama 1,000 a raba da 0.01, wato 100,000. Nauyin ɗigon 3.2 × 10⁻¹⁴ niyuton ne. Raba shi da E, q ya fito 3.2 × 10⁻¹⁹ kulom. Cajin ilektron ɗaya 1.6 × 10⁻¹⁹ ne, ke nan ɗigon yana ɗauke da rarar ilektron biyu. In sun tambayi wane faranti ne fozitif, na sama ne, tunda ɗigon negetif ne kuma sama ake son a ja shi.